Yadda ake mayar da Marsandi V-boot daga manuwal zuwa otomatik

Motar Babanmu Marsandi ce 230E ƙirar 1989, irin wadda ake ce wa V-boot ɗin nan, ya fi shekara 20 yana hawanta kuma har yau injinta bai taɓa ba shi kunya ba. Abin da ya kawo maganar canjin giya gwiwarsa ce ta hagu, da ciwon ya matsa masa sai ya zama in ya shiga gosulon Kano da yamma yana taka kuloci yana saki, kafin ya iso gida sai an kama shi ya fito daga motar. Mun yi mun yi da shi ya bari a sayar a sayo masa wata otomatik, ya ce shi dai a bar masa motarsa. To shi ne muka yanke shawarar a canza mata giyabos, kuma tunda ni na tsaya a kan aikin tun daga kasuwa har ranar da aka fito da ita daga gareji, bari in faɗa muku yadda ake yi dalla-dalla don mai irin wannan niyyar ya huta da wahalar da muka sha.

Abu na farko dai, ba kowace tsohuwar mota ce wannan aikin yake yi wa sauƙi ba. V-boot, wato W124 a lambar kamfani, wadda aka fara ƙerawa ƙarshen 1984 aka ci gaba har 1995, tana cikin masu sauƙin, dalili kuwa giyar otomatik ɗinta ba ruwanta da birenbos, wato kwamfutar mota. Matsin mai ne yake aiki da ita, sai siririn tiyon iska ɗaya daga injin, sai kebul ɗaya daga totur, sai 'yan wayoyi da ba su taka kara sun karya ba. Iri biyu za ka nema, 722.4 wadda ita ce ƙarama kuma ita ake sa wa masu silinda 4 irin 200E da 230E da kuma 190E, ko 722.3 babbar wadda take zuwa a 300E. Duk giya 4 ne. Lambar tana nan an buga ta a jikin giyabos ɗin ta gefen dama, sama kaɗan da bakin kaskon mai, ka sa tsumma da ɗan fetur ka goge za ka gan ta. In ka ga 722.6 ka bar ta a inda ka same ta komai arhar da aka yi maka, ta motocin da suka biyo baya ce, mai giya 5, sai da kwamfutarta take tafiya, in ka ɗauko ta ka ɗauko wa kanka aikin da ba zai ƙare ba. Haka ta dizal kar ka sa wa mai fetur ko da notinan sun hau, don saitin cikinta daban ne.

Yanzu ga maganar da in ba ka riƙe komai ba ka riƙe ta: kar ka je kasuwa ka ce giyabos kake nema. Mota sukutum za ka nema, wadda aka yanka ko ake shirin yankawa, mai injin irin naka, otomatik tun daga kamfani, ka kwashe duk kayan daga jikinta ita kaɗai. Mu kuskuren da muka yi kenan da farko, aka kawo mana giyabos ɗan Beljiyam shi kaɗai da kwambata, wato kewayayyen ƙarfen nan mai mai a ciki da ke tsakanin inji da giyabos a madadin kuloci, mai kyau wallahi, amma sai da motar ta yi sati 3 a kan jak muna yawon neman ƙananan abubuwa, yau ƙarfen rataye salansa gobe sandar giya jibi wani ɗan ƙarfe na totur da bai kai tsawon yatsa ba, kuma kowanne in mai shago ya gane a matse kake sai ya tsuga maka kuɗi. In kana Kano ka zaga Ƙofar Ruwa, in Kaduna ne Panteka, Abuja akwai Apo, in kuma kana da ɗan'uwa a Legas Ladipo ta fi ko'ina yawan kaya, amma ko ina ne ka tafi da bakanikenka ƙafa da ƙafa kar ka yi aike.

Abin da za ka kwaso daga motar: giyabos da kwambatarsa da bututun sandar auna mai, farantin da ake ɗaura kwambata a jiki wanda shi ne a madadin fulawil tare da wasa-wasansa, wato 'yan faifan ƙarfen da ake ɗaure shi da su, da notinansa, farfela gaba ɗaya, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, ƙarfen da yake tallafe giyabos ta ƙasa da robar mazauninsa, bututun mai guda 2 masu tafiya lagireto, lagireton kansa in yana da kyau, hannun giya na cikin mota da katakon da ke kewaye da shi da sandar da take haɗa shi da giyabos, fedar birki mai faɗi, suwic ɗin da ke ƙarƙashin fedar totur, rilen famfon fetur, kebul ɗin mita, ƙarafan totur na kan injin, da duk wata waya da soket da suka shafi giya, a yanko maka su da tsawo. Noti ko ɗaya kar ka raina, ka je da ledoji da biro kana zubawa kana rubutawa. Kuma kafin a fara kwancewa ka ɗauki hotuna da wayarka ta kowace kusurwa, sama da ƙasa, ranar haɗawa za ka gode wa kanka.

Kafin ka biya ka duba lafiyar giyabos ɗin. Zaro sandar mai ka goga a farar takarda, ja ko ruwan ƙasa mai haske ba laifi, amma in baƙi ne yana warin ƙauri to farantan ciki sun ƙone, in kuma ya yi kamar an dama madara a ciki ruwa ya shiga, duk biyun ka wuce. Ka roƙi mai kayan a buɗe kasko a gabanka, 'yar ƙura mai laushi a gindin kasko ba komai ba ce, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin abu shi ne matsala. Ka kama ƙarfen bayan da farfela ke hawa ka girgiza ka ji ko yana wasa. Sannan ku yi magana ta gaskiya a kan kwanakin gwaji, a rubuta a rasit, kuma ka nemi kwanakin su fara ƙirguwa daga ranar da aka tayar da mota ba daga ranar saye ba, don aikin nan ba na yini ɗaya ba ne.

Da kayan sun iso gareji, giyabos yana ƙasa tukuna, ka yi masa hidimar da in ya hau mota ba za ta yiwu cikin sauƙi ba. A zare kwambata a hankali a miƙe, a juye tsohon man da ke ciki, irin waɗannan tsofaffin suna da ɗan notin tsiyayar da mai a jikinsu. A canza sil ɗin gaba inda wuyan kwambata yake shiga, a canza na baya, a canza ƙaramin sil na inda sandar giya take shiga ta gefe, a sa sabuwar filta da sabuwar robar kasko. Kuɗin waɗannan duka bai kai kuɗin sauke giyabos sau ɗaya ba, kuma giyabos ɗin da ya yi shekaru a kwance a shago robobinsa sun bushe ko da ba ka ga yoyo ba. Bututun mai guda biyun nan a wanke cikinsu a hura musu iska har sai abin da ke fitowa ya fito fes.

Sauke tsohon ba wani abu ba ne ga bakaniken da ya san Marsandi, don haka ba zan daɗe a nan ba. A cire kan batir tukuna. Mota ta hau rami ko ta zauna a kan ƙarafan tsayawa guda 4 masu ƙwari, ba jak kaɗai ba, ba bulo ba, dan Allah kar ka yarda yaron kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan bulon siminti. A sassauta salansa, a cire farfela, a cire kebul ɗin mita da wayar fitilar ribas da sandunan giya da ƙaramin silindan kuloci da kik, a tallafi giyabos da jak a kwance ƙarfen ƙasa, a bar bayan injin ya ɗan sauko don a samu notinan sama da dogon hannun soket, ana yi ana leƙen gaba kar fanka ta taɓa lagireto. Ya fito, sai a kwance kuloci da fulawil.

To a nan ne wajen da ake yawan yin ɓarna. In ka haska tocila a tsakiyar gindin kiranshaf za ka ga wani ɗan boris a cikin rami, shi ne yake riƙe kan sandar giyabos na manuwal. Dole ya fita. Ramin nan shi ne inda hancin kwambata zai zauna, in boris yana ciki kwambata ba za ta shige ba, giyabos zai ƙi haɗuwa da injin da ɗan tazara kaɗan, sai mai gaggawa ya ce a ja shi da noti, to ana ja famfon man giyabos yake fashewa tun mota ba ta tashi ba. A cire shi da abin zaro boris, in babu a cika ramin da giris a sa ƙarfe daidai faɗin ramin a riƙa bugawa, giris ɗin zai turo shi waje. A goge ramin tas a shafa ɗan giris kaɗan. Tunda wajen a buɗe yake ka sa a canza sil ɗin bayan injin ma, ko bai fara yoyo ba.

Sai ɗaura farantin kwambata. Ka ajiye shi kusa da tsohon fulawil ka kwatanta, haƙoran da kik yake kamawa su zo ɗaya, sannan ka duba wasu 'yan ƙarafa da ke jikinsa ta gefe waɗanda sansar wuta take karantawa don ta san lokacin ba filogi wuta. Na silinda 4 guda 2 ne, na silinda 6 guda 3 ne, in aka ba ka na 300E ka ɗaura wa 230E zai hau lafiya lau amma mota ba za ta yi aiki daidai ba, ka yi ta zargin rewaya alhali laifin yana can ciki. Notinan fulawil na manuwal kar a maida su, ba tsawonsu ɗaya ba, kuma irin notin nan ne mai miƙewa in an ɗaure shi, in da hali a sa sababbi. Ana ɗaure su ne da sifanar awo sannan a ƙara musu kwatar zagaye, a bi su a gicciye ba a jere ba. Wasa-wasan farantin su koma yadda ka gan su a hotonka.

Yanzu kwambata, kuma a nan ina so ka tsaya da kanka a wajen ko da kana da uzuri. A zuba mata sabon mai kamar lita 1 a ciki, a shafa mai a wuyanta da leɓen sabon sil, a ɗaga gaban giyabos sama kaɗan, a zura ta a hankali ana juyawa ana turawa. Za ka ji ta faɗa sau ɗaya, a ci gaba da juyawa, ta sake faɗawa, a ci gaba, sai ta uku wadda ita ce kunnuwan wuyanta suke shiga famfon mai. Na tuna ranar namu yaron garejin ya ce Oga ta zauna, ogan ya ajiye kofin shayinsa ya zo ya sa tafin hannu ya juya ta kamar sau 5 yana jijjigawa, sai muka ji ƙwas ta ƙara shigewa kusan faɗin yatsa. Da a haka aka ɗaga ta da an gama da famfon. Yadda za ka tabbatar, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakin giyabos ka auna zurfin inda kunnuwan kwambata suke, ka auna yadda farantin ya fito daga bayan injin, zurfin ya ɗan fi fitowar. Sannan a ɗaure ta da waya ko wani ɗan ƙarfe kar ta zamo gaba lokacin ɗagawa.

Giyabos ɗin nan da kwambata a ciki ya fi buhun siminti nauyi nesa ba kusa ba, a sa jak mai faffaɗan kai da katako, mutum 2 suna riƙe da shi. A tabbatar 'yan ƙarafan saiti guda 2 na bayan injin suna nan, a tura har fuskokin biyu su manne da ƙarfin hannu kawai. In ya ƙi, a sauke a duba, ba a ja da noti. Da ya manne aka kama noti biyu uku, bakanike ya zura yatsa ta tagar ƙasa ya juya kwambata, ya kamata ta juya sakayau kuma a ga 'yar tazara tsakaninta da farantin, ita za a jawo gaba ta same shi. In ta cije ba ta motsi to ba ta zauna ba, a sauke. Notinanta 6 ne, bibbiyu a wuri 3, ana juya injin ta babban notin gaba da soket mai lamba 27 ta ɓangaren da injin yake juyawa, a kama dukkansu da hannu tukuna kafin a bi a ɗaure. Sai kik ya koma, sai ƙarfen ƙasa da sabuwar robar mazauni.

Farfela ta manuwal da ta otomatik ba tsawonsu ɗaya ba ta ɓangaren gaba, shi ya sa na ce a ɗauko ta waccan motar gaba ɗaya. Kar ka yarda a yanka taka a yi mata walda, za ta riƙa kaɗa mota da ka ɗan yi gudu kuma ta cinye boris ɗin tsakiya. In an raba ta biyu a yi mata alama da fenti kafin a raba don ta koma yadda take. Faifan robar nan guda 2 na gaba da na baya a duba su, in akwai tsaga ko zare ya fara leƙowa a canza, in na gaba ya tsinke a kan gudu yana iya fasa bayan giyabos.

Lagireto kuma, na otomatik yana da bakuna 2 ƙanana na ƙarfe inda man giya yake shiga ya huce ya dawo, na manuwal yawanci ba shi da su. Wasu sai su ce a haɗe bututun biyu da juna kawai a wuce wajen, wannan a zafin watan Afrilu na Arewa kashe giyabos ne da hannunka, zafi shi ne babban abokin gabar otomatik. A sa lagireton da ya dace, in tsoho ne a gwada shi kar ruwa ya riƙa haɗuwa da mai ta ciki, ni da so samu ne ma a ƙara ɗan ƙaramin na'urar sanyaya mai a gaban lagireton, musamman in motar tana doguwar tafiya da kaya. Bututun su bi hanyarsu ta asali da maɗauransu, kar su goga da komai.

Cikin mota aikin haƙuri ne, kwanciya ake a ƙarƙashin sitiyari. V-boot manuwal feda 4 gare ta in ka haɗa da birkin fakin na ƙafa da ke can hagu, yanzu ta kuloci za ta fita da silindanta, a sa fedar birki mai faɗi. Ga wani abu da ake mantawa: kuloci da birki robar mai ɗaya suke sha, akwai ɗan tiyo da ya fito daga gefen robar man birki ya tafi kuloci, in an cire shi a toshe bakin da abin da man birki ba ya ci, a ɗaure da kilif, ba a cusa tsinke ko noti a naɗe da leda ba. Wannan maganar rai ce. Hannun giya yana zama a mazaunin tsohon, ramukan suna nan. 'Yan robobin da ke bakin sandar giya a sa sababbi don tsofaffin marmashewa suke. Wajen saiti a sa hannun a N, a sa ƙarfen gefen giyabos shi ma a N, sannan a daidaita tsawon sandar ta shiga ba tare da an tanƙwara komai ba, a bi P, R, N, D, 3, 2 ɗaya bayan ɗaya a ji kowanne yana faɗawa a gurbinsa.

Rewaya aikinsa kaɗan ne amma ka samo mai natsuwa. A gefen giyabos akwai suwic mai ƙafa 4, biyu na fitilar ribas, biyu kuma su ne suke hana mota tashi in ba a P ko N take ba. A motar manuwal layin kik a haɗe yake kai tsaye, yanzu sai an bi da shi ta cikin suwic ɗin. Rewaya mai gaggawa zai ce Alhaji a bar shi haka ai tana tashi, ka ce a'a. Motar da take tashi a D wata rana yaro zai murɗa makulli ta shige cikin mutane. Ana saita suwic ɗin ne a N, a zura siririn ƙarfe mai kaurin milimita 4 ta ramin saitinsa sannan a ɗaure. Sai suwic ɗin ƙarƙashin totur, wanda in ka take har ƙasa yake sa giya ta sauko don wuce wata mota, wutarsa ta rilen famfon fetur take biyowa a irin waɗannan masu injekta, dalilin da na ce ka ɗauko rilen waccan motar kenan. In hannun giyarka yana da ɗan maɓallin E da S a gefe shi ma a haɗa shi yadda yake a can. A gaya wa rewaya ya duba silo ma, wato juyin injin in ba a taka totur ba, don in an sa D injin yana ɗaukar nauyi, kar ta riƙa mutuwa a danja.

Saura abu 2 da su ne suke gaya wa giyar yadda za ta yi. Tiyon iska yana tasowa daga bututun shaƙar iska na injin ya sauko zuwa wani ɗan gwangwani a gefen giyabos, shi yake sa canjin giya ya yi laushi ko ƙarfi. A sa sabon tiyo da sababbin robobin haɗi, kuma kafin a haɗa a zuƙi gwangwanin a ga yana riƙe iska, in ka ga jan mai a bakinsa robar cikinsa ta fashe, a canza shi, in ba haka ba injin zai riƙa shan man giya yana fitar da farin hayaƙi. Kebul ɗin kuma yana tasowa daga giyabos ya maƙale a ƙarfen totur, shi yake cewa yaushe za a canza giya. A saita shi yadda in totur yana sake kan kebul ɗin zai hau mazauninsa ba ja ba sako-sako.

Mai, Dexron II aka rubuta mata, Dexron III ma yana yi, ka saya a inda ka yarda da shi a rufe da hatiminsa, kar a zuba maka na durom da ba a san asalinsa ba. Gaba ɗaya tana cin wajen lita 6 zuwa 7 in komai a bushe yake, amma ba a zuba shi lokaci ɗaya. A fara da lita 4 ta bututun sandar awo, a tayar da mota a P tana silo, a ci gaba da ƙarawa kaɗan-kaɗan, ƙafa a kan birki a bi giyoyin duka ana tsayawa 'yan daƙiƙu a kowacce, a dawo P a auna injin yana aiki mota a shimfiɗaɗɗen wuri. In man da sanyi zai tsaya ƙasa da alama, kar ka cika shi a lokacin, sai an yi tafiya ya yi zafi sosai ake cikawa zuwa tsakanin alamomin biyu, kuma tsakaninsu bai kai rabin lita ba don haka a bi a hankali, in ya yi yawa kumfa yake yi. Wani ya leƙa ƙasa da tocila yana duba yoyo. Kafin a sauke ta daga kan ƙarafa a gwada murɗa makulli a D da R, bai kamata kik ya ko motsa ba.

Gwajin hanya ku nemi titi mara cunkoso, kai da bakanike. Kar ka tsorata in ka ƙirga canji 2 kawai, da yawan irin wannan giyar da ta biyu suke tashi in ba ka take sosai ba, haka aka yi su. In tana daɗewa injin na kuka kafin ta canza kebul ya yi tsauri, a sassauta kaɗan. In tana rige-rigen hawa giya mota ta yi nauyi ya yi sako-sako. In tana canzawa da duka kamar an bugi motar ta baya, iska ce take zurarewa a tiyo, a nemo wajen. In kuma injin yana ɗan tashi sama tsakanin giya da giya kafin ta kama, a fara duba yawan mai. Gwangwanin nan yana da ɗan makullin saiti a ƙarƙashin murfinsa, amma kar a taɓa shi sai an tabbatar tiyo da kebul da mai duk lafiya, in za a taɓa ma kaɗan-kaɗan ana gwadawa, wanda ya fi shi ne a sa agogon auna matsin mai. Namu sai da muka fita sau 4 kafin ta zauna yadda muke so, matsalar ma wata 'yar robar haɗi ce da ta tsage a bayan injin inda ido ba ya kai wa.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun kafin ka kashe kuɗinka. Giya ta 4 a wannan otomatik ɗin kai tsaye take, juyin injin ɗaya juyin farfela ɗaya, alhali ta 5 a manuwal tana rage wa injin wahala, don haka in taka mai giya 5 ce za ka ji injin ya ɗan ƙara murya a hanyar Zariya ko Katsina kuma za ta ɗan ƙara shan mai. In abin ya dame ka sai ka ɗauko bak-aksul na waccan motar, amma in za ka canza shi ka haɗa da agogon mitarta don tare aka saita su, in ka bar naka ka bar mitarka. Turi da hannu kuma ya ƙare, in batir ya mutu sai a yi mata jan wuta daga wani batir, in ta lalace a hanya mai nisa a ɗora ta a kan babbar mota ko a cire farfela kafin a ja ta. Bayan kamar sati 2 ka koma gareji a sake bin notinan farfela da na ƙarfen ƙasa, a duba launin man, in ya yi duhu da wuri a juye a sake don ya wanko dattin da ya rage. Tsohon giyabos da kuloci da feda kar ka sayar da gaggawa, ka adana su har giyar ta yi wata 2 ko 3 tana aiki lafiya.

Sai direban kansa. Mutumin da ya shekara 40 yana taka kuloci ƙafarsa ta hagu da kanta take tashi in zai tsaya, kuma abin da za ta samu yanzu fedar birki ce mai faɗi, in ya take ta da ƙarfin kuloci duk wanda ke cikin motar sai ya gaisa da gilashi. Mu abin da muka yi, ranar Juma'a bayan la'asar na kai Baba wani fili a bayan unguwa, na ce Baba ƙafar hagun nan a naɗe ta baya kusa da kujera a manta da ita, ta dama ita ce totur ita ce birki, kuma ba a matsa hannun giya daga P sai ƙafa tana kan birki, ba a sa R ko P sai mota ta tsaya cak. Ya yi ta zagaye yana tsayawa yana tashi kusan awa ɗaya, sau 2 hannunsa na kai wa giya zai canza yana tunawa ya mayar kan sitiyari. Da aka kira magariba ya ce in zauna a gefe shi zai ja mu zuwa masallaci, muka shiga cunkoson bakin kasuwa ana tafiya taku-taku, ina kallon ƙafar tasa ta hagu a ajiye ba ta motsa ba har muka isa.